Bajewar Ƙeyar Jariri Da Ciwon Bayan Da Ya Daɗe: Yadda Ake Auna Magani Kafin A Saki Kuɗi

Sau da yawa a ɗaki guda ake samunsu: jariri ɗan wata uku da ƙeyarsa ta baje ta gefe ɗaya, da uwa ko kaka mai ciwon bayan da ya haura wata uku bai saki ba. Mafi yawan irin waɗannan ba su da haɗari, amma a cikin kowanne akwai 'yan ƙalilan masu haɗari da ke saje da sauran. Kuma dukkansu biyun sun tara masu sayar da magani, daga mai lasifika a bakin tasha har mai tallan hular gyaran kan jariri ta miliyoyi a intanet. Don haka tsarin ɗaya ne. A fara tantance mai haɗarin, a ba magani mai sauƙi lokacinsa, sannan a yi maganar mai tsada.

Kan jariri: a fara dubawa daga sama

Ƙoƙon kan jariri ba dunƙule yake ba. Faya-fayan ƙashi ne masu taushi da ke haɗe da juna ta wasu ɗinkuna masu motsi, domin ya iya fitowa a haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sami filin girma. Maɗigar baya kan rufe wajen wata 2 zuwa 3, ta gaba kuma akasari tsakanin wata 12 da 18. Kewayen kai yana kusan santimita 35 ranar haihuwa, ya riƙa ƙara kusan santimita 2 duk wata a watanni ukun farko, sannan gudun ya ragu. Duk wurin da ya fi daɗewa manne da katifa a wannan lokaci shi ne zai baje, sauran wuraren su ci gaba da tasowa.

Dubawa ta gaba ko ta gefe tana ruɗarwa. Bayan wanka, gashi na jiƙe ya kwanta, a zaunar da shi a cinya ya ba ku baya, a leƙa kan daga sama. A ɗora yatsa manuni a kowane kunne don a ga ko suna kan layi ɗaya. Idan bajewar kwanciya ce, gefen da ya baje kunnensa yakan matsa gaba, goshin wannan gefen ma ya ɗan turo, kamar an kama akwatin kwali an karkata shi. Wani kuma ƙeyar ce gaba ɗaya ta shafe, kan ya yi faɗi. A ɗauki hoto da waya daga sama, a wuri ɗaya da haske ɗaya, duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Idon da ke ganin yaro kullum ba ya gane canji, hoto ne ke ganewa.

Sai a bi kan da tafin yatsu a hankali. Abin da ake nema shi ne wani tudu mai tauri, dogo kamar igiya a ƙarƙashin fata, wanda bai ɓace ba bayan makonnin farko. Wannan na iya nuna ɗaya daga cikin ɗinkunan ya haɗe tun lokaci bai yi ba, matsalar da ke samun kusan jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 2,500. Alamunta sun sha bamban da na kwanciya: kai dogo siriri kamar kwale-kwale, ko goshi mai tsini, ko kunnen gefen da ya baje ya koma baya ko ƙasa maimakon gaba, da surar da aka haife shi da ita kuma take ƙara muni duk da ana juya shi. Wannan ba juyi ko tausa ko hula ke gyara ta ba, aikin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, kuma an fi son a yi shi kafin shekara ɗaya. Nau'in aikin da ake yi ta ƙaramin yanka ma sai a watannin farko. A nemi a tura ku babban asibiti irin na koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ga mutanen Nijar.

Abubuwan da ba a kwana da su: maɗiga ta kumbura ta yi tauri yaro na kwance shiru, musamman da zazzaɓi ko amai, maɗiga ta lotsa ciki yana gudawa, wanda ƙarancin ruwa ne a jiki, kuma abin da ake shafawa a kanta ba ya mayar da ruwan, ko kai na girma da gudun da ya fi ƙima. A sa ma'aikacin lafiya ya auna kewayen kai da tef a duk zuwa rigakafi, ya rubuta a kati.

Wuyan ne sau da yawa, ba kan ba

A nan ne iyaye da yawa ke ɓata watanni. Yaron da kullum gefe ɗaya yake kallo, ya fi son nono ɗaya, ko a hoto kansa koyaushe a karkace yake, mai yiwuwa naman wuyansa ne ya ɗaure. Tsoka ce da ta taso daga bayan kunne ta sauka kan ƙashin wuya. Idan ta dama ce ta gajarta, kai zai langaɓe dama, haɓa ta juya hagu, sai ƙeyar hagu ta baje. Wani lokaci har a ji ɗan ƙullutu kamar gyaɗa a gefen wuyan a makonnin farko, kuma ba abin tsagawa ba ne, yakan narke da kansa.

Gwajin gida mai sauƙi ne. A kwantar da shi rigingine, uwa ta kai fuskarta dama a hankali har ya bi ta da kai, sannan hagu. Idan gefe ɗaya haɓarsa na kai wa saitin kafaɗa, ɗayan kuma ya tsaya rabin hanya ko ya juya kafaɗa gaba ɗaya, a kai shi sashen gashi na asibiti, wato inda ake motsa gaɓoɓi da miƙa tsoka. Likitan gashi zai nuna yadda ake miƙa tsokar da hannu, sau da dama a yini, galibi a lokacin canza nafkin. A koya a gabansa, a yi yana kallo ya gyara, kada a kwaikwaya daga bidiyo. Ba a yi da ƙarfi, ba a yi yaro na tsala kuka yana turjewa. Wanda aka fara wa a wata na farko ko na biyu yakan warware cikin 'yan makonni ko watanni kaɗan, wanda aka bari ya kai wata shida kuwa aikinsa ya fi tsawo.

Juyi da ruf da ciki

Barci dai rigingine ne, a kan shimfiɗa mai tauri, babu matashi. Tun da likitocin yara na Amurka suka ba da wannan shawara a 1992, aka kuma yi gangami a kanta a 1994, mutuwar jarirai ta farat ɗaya cikin barci ta ragu da kusan rabi. Bajewar ƙeya ta ƙaru a sakamakon haka, gaskiya ne, amma ƙeya na gyaruwa. Kada a mayar da jariri barcin ruf da ciki ko na gefe don neman kai mai kyau. Haka matashin nan mai rami a tsakiya da ake tallatawa: hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2022, saboda ba a tabbatar yana gyara komai ba, kuma yana iya toshe wa yaro numfashi.

Abin da ke aiki shi ne rage sa'o'in da wurin ke shan nauyi. Jariri na juyawa wajen uwarsa, wajen ƙofa da wajen haske. Idan ƙeyar dama ce ta baje, a sauya masa makwanci yadda sai ya waiwaya hagu zai ga waɗannan. In ya yi barci, a juya kan a hankali zuwa gefen da bai baje ba, ba tare da tokare shi da tsumma ba. Mai shayarwa da nono tana sauya hannu da ma, amma mai ba da madara a kwalba takan manne wa hannu guda, sai ta riƙa sauyawa. A rage barinsa cikin kujerar mota ko kujerar lilo in ba tafiya ake ba.

Idan yana farke, ana kuma kallonsa, a kwantar da shi ruf da ciki. A fara da minti biyu ko uku, sau biyu ko uku a yini, tun makonnin farko, ko da a kan ƙirjin uwa ne tana kishingiɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tara aƙalla minti 30 a yini, a rarrabe. Wanda ke ƙi, a naɗe ƙaramin tawul a sa ƙarƙashin ƙirjinsa da hammata, yayarsa ko yayansa ya kwanta a gabansa yana masa wasa. Kada a yi nan da nan bayan ya sha nono, zai yi tumbuɗi ya tsani abin.

Goyo kuwa alheri ne a nan, don duk sa'ar da yaro ke baya ƙeyarsa ba ta taɓa komai. Abu ɗaya za a lura: wane kunci yake ɗorawa a bayan uwa? In kullum ɗaya ne, a riƙa juya masa, a kuma tabbatar zani ko majanyi bai rufe masa hanci ba.

Gasa kai da tawul mai zafi da matsa shi da tafin hannu lokacin wanka, wanda kakanni da ungozomomi suka gada, ba shi ke daidaita kai ba. Tsawon kan da haihuwa ta jawo yana komawa da kansa cikin kwanaki ko 'yan makonni, shi ya sa ake ganin kamar gashin ne ya yi aiki. Matsin minti biyar ba zai rinjayi kwanciyar sa'o'i goma sha biyar ba, fatar jariri kuma ba ta jure zafin da hannun babba ke jurewa. A faɗa wa Hajiya haka da ladabi, a ba ta aikin ruf da ciki ta riƙe, don ita ce ma ta fi kowa haƙurin yin sa.

Maganar hula

A ba juyi da gashin asibiti mako shida zuwa takwas ana bin hotuna. Lokaci ma na taimakawa: wani binciken da aka yi a Niyuzilan ya ga bajewar ta fi yawa a wata huɗu, kusan yaro ɗaya cikin biyar, amma a shekara biyu ta sauko kusan uku cikin ɗari, don da yaro ya fara zama da rarrafe nauyi ya bar ƙeya.

Hular gyaran kai roba ce mai tauri da ake ƙerawa daidai kan yaro. Tana taɓa wuraren da suka taso, ta bar fili a inda ya baje don girma ya cike shi. Ana sa ta sa'o'i 23 a yini, tsawon wata uku zuwa shida, ana fara ta wajen wata biyar ko shida, kuma bayan shekara ɗaya amfaninta kaɗan ne tunda girman kai ya lafa. Dole mai ƙera ta ya riƙa sassaƙe cikinta duk 'yan makonni. A Ingila kuɗinta na kai fam dubu biyu ko fiye, kuma asibitocin gwamnati can ba su cika ba da ita ba.

Dalilinsu yana da ƙarfi. A wani gwajin da aka wallafa a 2014 daga ƙasar Holan, an raba jarirai 84 'yan wata biyar zuwa shida gida biyu, rabi da hula rabi babu. Da suka cika shekara biyu, waɗanda kansu ya daidaita sarai kashi 26 cikin ɗari ne a masu hula, kashi 23 a marasa hula, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Duk iyayen masu hular sun kawo ƙorafin wata illa, kamar ƙuraje, zufa da wari. Wannan a ƙasa mai sanyi ke nan, a ƙiyasta yadda za ta kasance a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maraɗi. Sai dai a yi adalci: gwajin bai haɗa da mafi tsananin bajewa ba, bai kuma haɗa da bakwaini da masu ɗaurewar wuya ba. Don haka yaron da aka auna kansa ta kusurwa biyu aka sami bambancin da ya haura milimita 12, fuskarsa ta fara karkacewa, juyi da gashi kuma sun gaza, hula abin tattaunawa ce da ƙwararre. Wadda aka saya a intanet babu awo kuwa gyambo kawai za ta yi masa.

Masu murɗa ƙashin baya da wuya, da masu cewa suna daidaita ƙasusuwan kai da shafa, ba su da hujja mai ƙarfi a kan wannan matsala. A Ostareliya hukumar da ke kula da masu wannan sana'a da kanta ta dakatar da murɗa ƙashin bayan yara 'yan ƙasa da shekara biyu a 2019. Kan jariri da wuyansa ba na mai ɗori ba ne.

Ciwon baya: wanda ba a jira da shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari ba a iya nuna wata cuta guda a ce ita ce sila. Ragowar su ake fara nema.

A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, idan fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, ko bayan gida na kuɓucewa, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya sage har ba a jin ruwa lokacin tsarki, ko ƙafafu na mutuwa. Jijiyoyin ƙarshen laka ne aka danne, kuma jinkirin kwana biyu na iya barin nakasa ta har abada.

A cikin mako a je, idan ciwon na tare da zazzaɓin yamma, zufar dare da rama, ko wani ƙashi ya fara turowa a tsakiyar baya kamar ƙusumbi. Tarin fuka na cin ƙashin baya ko mutum ba ya tari, kuma a ƙasashenmu ba baƙon abu ba ne. Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, amma da yawa sai sun gama zagayen ƙaho da sakiya ƙafa ta shanye sannan su iso. Haka mai ciwon da ba ya lafawa ko a kwance, wanda ya taɓa yin ciwon daji, tsohon da ya faɗi, mai sikila, da makiyayi ko mai shan ɗanyen nono da ke zazzaɓi mai zuwa yana komawa. Matashin da bayansa ke sandarewa fiye da rabin sa'a da asuba, sai ya motsa ya ji sauƙi, shi ma a duba shi, don kumburin gaɓoɓi ne mai magani na daban. Basir da sanyi, waɗanda ake ɗora wa kowane ciwon baya a kasuwa, ba su ne ke hana mutum ruku'u wata shida ba.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan

Kada a yi gaggawar hoton MRI. An tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon komai, aka ga kusan kashi 30 cikin ɗari na 'yan shekara 20 suna da turowar faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin baya, a 'yan shekara 80 kuwa sama da kashi 80. Kamar furfura ce ta ciki. Hoto na da amfani ne idan akwai alamar haɗari, ko ana shirin aiki.

Kwanciya ta kwanaki tana ƙara ciwon, motsi ne ginshiƙin magani. A fara tafiyar minti 10, a riƙa ƙara minti biyar duk mako har a kai minti 30, kwana biyar a mako. A wani gwaji na mutum 701 da ciwon bayansu ya lafa a Ostareliya da aka wallafa a 2024, waɗanda aka ɗora kan tsarin tafiya sun kai kusan kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa 112. A haɗa da motsa jiki uku a kan tabarma: a kwanta rigingine a tanƙwara gwiwoyi a ɗaga ƙugu sama, a riƙe daƙiƙa biyar, sau 10, a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji daƙiƙa 20, a sauya, a durƙusa kan hannu da gwiwa a miƙe hannun dama da ƙafar hagu tare, a sauya, sau takwas kowane gefe. Ɗan ciwo lokacin yi ba laifi, muddin ya koma yadda yake kafin washegari. In ya wuce haka, ko ya ƙara gangarawa ƙafa, a rage rabi. A ba wannan mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ce bai yi ba.

A gyara aikin yini ma. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, a raba ruwan gida biyu a ɗauka hannu bibbiyu. A ɗaura wa tsintsiya sanda, a ɗora bahon wanki kan benci, tela da direba da mai Adaidaita su miƙe tsaye duk rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya in da hali. Mai goyo ta ɗaura yaro sama, ya manne da baya sosai, don in ya zazzago kan ƙugu sai ta sunkuya ta rama nauyin. Wajen shayarwa ta jingina, ta tada yaron da matashi zuwa nono, ba ita ta rusuna masa ba.

Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 ta amince da tausa da gyaran baya da hannu ga manya, amma a matsayin ƙari kan motsa jiki, don sauƙinsu na ɗan lokaci ne. Ta kuma hana bel ɗin ɗaure ƙugu, da jan baya da na'ura, da magunguna masu sa maye irin su tramadol. Duk mai cewa sai an biya zama talatin tun kafin a ga ko shida na farko sun yi amfani, a yi hattara da shi. Wanda ya zaɓi ƙaho, ya tabbatar reza sabuwa ce, saboda ciwon hanta da ƙanjamau.

A magani, ibuprofen miligiram 400 har sau uku a yini bayan abinci, na kwanaki kaɗan lokacin da ciwon ya taso, ya wadatar ga yawancin manya, kuma mai shayarwa na iya sha. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai ciki kada su sha sai da izinin likita. Ba a haɗa shi da diclofenac ko piroxicam, dangi ɗaya ne, illarsu ce ke ninkuwa ba amfaninsu ba. Paracetamol shi kaɗai ba ya yin wani abin kirki a ciwon da ya daɗe. Mafi muni shi ne haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda a wasu kemis, wanda sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki: mutum zai ji garau, bayan watanni fuska ta kumbura, sukari ya hau, ƙashin bayan da ake jinya ya yi rauni.

Allura da tiyata

Tiyata ta fi amfani ga ciwon ƙafa fiye da ciwon baya. Idan faifai ya danne jijiya, ciwo na tsarga daga ɗuwawu har ƙasan gwiwa kamar wutar lantarki, yawanci yana sauƙi da kansa cikin mako shida zuwa goma sha biyu. Wanda ya wuce haka yana shan azaba, hoto kuma ya nuna dannewar a daidai gefen da jijiyar da yake kuka da su, aiki na kawo masa sauƙi da wuri, ko da yake bayan shekara ɗaya zuwa biyu waɗanda aka yi wa da waɗanda suka jira kan zo kusan daidai. Allurar baya tana rage ciwon ƙafa na 'yan makonni ne. Dattijon da ƙafafunsa ke nauyi in ya yi tafiya, sai ya zauna ko ya sunkuya ya ji daɗi, mai yiwuwa hanyar laka ce ta tsuke, shi ma aiki na iya taimakonsa. Ɗaure gaɓoɓin baya da ƙarfe saboda ciwon ƙugu kawai, ba tare da karaya ko gocewa ko cuta ba, hukumar tsara jiyya ta Ingila ba ta goyon bayansa.

Kafin a sa hannu, a tambayi likita: wace jijiya ce aka danne, kuma ta dace da inda nake jin ciwon? Ƙafa aikin zai gyara ko baya? Me zai faru in na ƙara wata uku ina gashi? Nawa ne jimillar kuɗin har da ƙarfe, jini da gashin bayan aiki? A karɓi faifan hoton da rahotonsa a hannu, a kai wa likita na biyu a wani wuri, misali Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a bar shi ya faɗi nasa ra'ayin kafin a gaya masa abin da na farko ya ce.